Gawayin da Gwaggo Ta Ajiye Mini

Takalmin Baffa na fara gani. Ranar da muka yi rashin Gwaggo, kafin in iso daga birni an riga an kai ta makwancinta. Ina sauka daga kan babur na doshi zaure, sai idona ya faɗa kan wasu baƙaƙen takalma da aka take bayansu, an jera su a gefen tabarma. Na ɗaga kai na ga mai su a sahun gaba na masu karɓar gaisuwa, yana share ido da hannun riga. Fiye da shekara goma rabon ƙafarsa da zauren nan. Hawayen da na riƙo tun daga tasha suka ƙafe.

A cikin gida mata sun cika tsakar gida har bakin madafa. Wata baƙuwa ta ce, "Allah ya jiƙanta, baiwar Allah, ba ta da abokin faɗa."

Tsohuwa mai ƙosai da muke katanga ɗaya da ita ta ajiye carbinta. "Ke, ji tsoron Allah, a gidan mutuwa muke. Wa ya rage a garin nan da ba ta yi faɗa da shi ba? Ni kaina sau uku. Sai dai duk ukun ita ce da gaskiya."

Aka yi dariya ana share hawaye. Wata ta ce yau miyar garin nan ta zama marainiya, domin babu mai daddawa irin tata daga nan har Bagwai. Inna ta mintsine ni a cinya, ta ce a hankali, "Tashi ki je ki yi wa Baffanki gaisuwa." Na ce sai an jima.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ba ta bar ɗa ba, duk waɗanda ta haifa sun koma tun suna goye. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidan ubanta, ta zauna a ɗakin da ke kusa da rumbu. Idan ban rubuta wannan ba, nan da 'yan shekaru za a ce wata mai daddawa ce da ta cika faɗa, shi ke nan. Ni kuwa ba zan yarda ba.

Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka Uwata take kirana. Idan na ɓata mata rai kuma, sai in koma Barista. Gajeriya ce, ba ta rabo da guntun kara a hannu, da shi take nuna abu, da shi take korar kaji, da shi take taɓa ƙeyar mai ƙarya. Tana da magana guda da ta fi maimaitawa: "Fushi kamar kalwa yake, Uwata. Ɗanye ba ya ciyuwa. Sai an dafa shi, an rufe, ya kwana uku ya yi wari, sannan ya gyara miya."

Gonarmu tana jikin gonar Baffa. Shi ɗan ƙanin kakana ne, layin gamba ne ya raba mu, kuma a cikin tamu akwai wata ƙatuwar ɗorawa da kakana ya tarar. Bayan rasuwar Baba ne shekarun wuya suka shigo. Taki ya fi ƙarfin talaka, ruwa ya riƙa ɗaukewa gero na tsaka da fitar da kai, gidaje da yawa suka koma cin rama da ƙuli-ƙuli da rana. Ɗorawar nan ita ta riƙe mu, ni da Inna da ƙannena mata biyu. Mu sha garinta, Gwaggo ta dafa kalwarta ta yi daddawa a sayar. A daidai lokacin kuma Baffa ya samu shiga harkar hatsi a Dawanau, ya sayi shanun noma. Damina ta farko garmarsa ta ci kunya biyu daga gonarmu. Ta biyu ta ci huɗu. A ta uku aka wayi gari an tumɓuke gambar gaba ɗaya, an sake dasa ta a wannan gefen na ɗorawa, bishiyar ta koma cikin tasa.

Inna ta kai ƙara gaban dagaci. Ina nan a bayanta, shekarata goma sha bakwai. Baffa ya zo da shaidu biyu, dukansu masu yi masa dako. Dagaci, wanda kowa ya san dawar wa ake tuƙawa a gidansa, ya ce gamba ita ce iyaka, ga ta nan kowa yana gani. Na kasa haƙuri na ce, "Wallahi jiya-jiyan nan aka dasa ta!"

Baffa ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa. "To, 'yata, sai ki je ki kawo lauya."

Zauren ya ɗauki dariya. Gwaggo na zaune a bakin ƙofa. Ita da ke faɗa a kan kazar da ta shiga shanyarta, ranar ta yi shiru kamar an ɗinke mata baki. A bazarar da ta biyo baya da idona na ga ta je gidan Baffa ta sayi kalwar bishiyar ubanta a mudu.

Ni a lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya da muke ara hannu da hannu, wasu ba bango, wasu ba shafin ƙarshe. A cikinsu na san lauya: budurwa doguwa mai baƙar riga, tana juyawa rigar na kaɗawa, azzalumi na zufa a cikin akwatin kotu. Haka na riƙa ganin kaina. Ina nuna Baffa da yatsa, yana kuka yana roƙo, can a kujerar baya kuma wani kyakkyawan saurayi ya zuba mini ido ya kasa ƙiftawa. Da wannan mafarkin na shiga jarrabawar shiga jami'a karo na farko, kuma ta kayar da ni. A kwamfuta ake yin ta, ni kuwa ban taɓa danna kwamfuta ba sai ranar. Rabin lokacina ya tafi a neman inda zan taɓa. Makin da na samu bai kai na karatun lauya ba, aka ba ni gurbi a wani fannin da ban nema ba.

Baffa ya tare Inna a hanyar rijiya. "Ina lauyar tamu? Ko har yanzu tela bai gama rigar ba?"

Inna ta ce in karɓi abin da Allah ya ba ni. Gwaggo ta buga karanta a ƙasa. "Ba za ta karɓa ba. Lauya ya ce a kawo, lauya za a kai masa."

Daga ranar ta karɓe ni. Matar da ba ta san bihim a boko ba ita ta zama malamata. Bayan sallar asuba za ta hura wuta a ƙarƙashin tukunyar kalwa, ta shimfiɗa mini buhu a gefe, in buɗe littafin tambayoyin shekarun baya. Ba mu da agogo sai tukunya. "Kafin ta tafasa, tambaya arba'in." Idan ruwa ya fara ɓararraka ban gama ba, ranar ni ce da surfen kalwa. Ta sa na zana madannan kwamfuta da gawayi a bayan wani tsohon faranti, ina dannawa tana kallo. Duk ranar kasuwa kuma ta ɗora mini tiren daddawa zuwa Bagwai, in na sayar in shiga shagon masu kwamfuta in yi awa guda ina koyon ta gaske.

Ba ta yarda da haddar da ba a gane ba. Ko Turanci ne, ko adabi, ko darasin gwamnati, sai ta ce, "Faɗa mini da Hausa." Idan na yi in-ina ta ce ban sani ba ke nan, in koma. Wata rana na yi mata bayanin rabon iko tsakanin masu yin doka da masu zartarwa da masu shari'a. Ta juya kalwa, sannan ta ce, "Wato mai yanka daban, mai rabo daban, mai duba rabon daban. To a gidan dagaci duk mutum ɗaya ne, shi ya sa muke sayen kalwa." Har yau ban ji malamin da ya fi ta bayyana wannan ba. Da na gaya mata kowace tambaya tana zuwa da amsa huɗu, ɗaya ce kawai gaskiya, sai ta ce, "Ukun nan Baffanki ne da shaidunsa, sun sha babbar riga. Kada ki bi wadda ta fi kyau, ki bi wadda za ta iya rantsuwa."

Sau ɗaya na gwada wayo. Na cusa littafin soyayya a tsakiyar na tambayoyi, ina karantawa hankali kwance. Ban ankara ba na ji kara a ƙeyata.

"Barista, kawo."

"Gwaggo, karatu fa nake."

"Wata biyar ina kallon fuskarki. Fuskar karatu daban, ta wannan daban. Tun yaushe gwamnati ta fara sa ki murmushi?"

Ta bi ɗakinmu ta tattaro duk wanda ta samu, ta cusa a ƙarƙashin katifarta. Na yi kwana biyu ba na gaishe ta da kyau. Ko a jikinta.

A karo na biyu na ci ta share fage da maki mai kyau. Saura ta tantancewa, wadda jami'ar da ke wajen Rijiyar Zaki take yi da kanta, inda masu neman lauya suka fi gurbin yawa nesa ba kusa ba. Wanda ya faɗi a nan ya koma farko. Inna kuwa ta riga ta ce ba za a yi karo na uku ba, ƙannena ma suna da haƙƙi.

Saura mako guda muka yi faɗan da ya fi kowanne. Da hantsi ne, na dawo daga kai wa Inna abinci gona, na ga geron Baffa ya yi shar a ƙarƙashin ɗorawarmu. A 'yan kwanakin kuma na karanta cewa kotu ba ta aiki da kuka, sai da hujja. Na shigo na yi jifa da littafi.

"Wahalar banza nake, Gwaggo. Ko na zama lauya, da me zan kama shi? Ba takarda, ba shaida. Baba ya rasu, gamba ta koma bayansa."

Ta leƙa waje, ta sakaya ƙofa. "Akwai shaida. Tana ƙasa."

Ta ce ranar da kakana da ƙaninsa suka raba gonar, shekararta tara, Baffa ko cikinsa ba a yi ba. Mutanen wancan zamani ba su yarda da gamba kaɗai ba, domin abin da hannu ya dasa hannu na iya cirewa. Sai su haƙa rami kamu biyu a kan iyaka, su kife tulu cike da gawayi, su binne. Gara ba ta cin gawayi, ruwa ba ya ruɓar da shi. Ita ta ɗauko gawayin a ka daga gida, ita ta ƙirga taku daga gindin ɗorawa zuwa bakin ramin.

Na miƙe tsaye. "Kin sani? Kina zaune a zauren dagaci ana yi mana dariya, kin sani, kika yi shiru?"

"Na yi."

"Inna na kuka, muna cin rama, kina sayen kalwa a hannun matansa!"

"Da na buɗe baki a zauren nan, kafin a sa ranar tono an tone. Sai mu rasa gona, mu rasa tulu. Ina son wanda zai kawo alƙali har gindin bishiya, a haƙa a gabansa, a rubuta. Na duba gidan nan kaf, ke kaɗai na gani mai taurin kai irin nawa."

"To faɗa mini wurin."

"Ki tafi da fartanya ki bar biro? Sai kin ci."

Abin da na faɗa daga nan har yau yana ci mini rai. Na ce, "In kika mutu kafin nan fa?"

Ta dube ni, idonta ya kaɗa. "Gawayi ya jira shekara sittin, Uwata. Ni ma zan jira, in Mai rai ya yarda. Ɗauki littafinki, tukunya ta kusa tafasa."

Ranar jarrabawa ta ce ƙafarta ƙafata. Mota na sa ta amai, amma ta shiga, da ƙullin daddawa a cinya, wai tunda za ta birni ba za ta je hannu rabbana ba. A bakin ƙofar makarantar ta kwance gefen mayafinta ta damƙa mini ɗan guntun gawayi. Matar da ke caje mu ta gan shi a hannuna.

"Wannan fa? Laya ce?"

"Gawayi ne."

"A nan za ki goge haƙori?" Ta karɓe ta jefar.

Amma ya riga ya bar baƙi a tafin hannuna. A tsakiyar jarrabawa na ci karo da tambayoyin Turanci guda biyar a jere da ban gane kansu ba, lokaci na gudu a saman allon, kaina ya fara juyawa kamar wancan karon. Na buɗe hannu na kalli baƙin. Na ji kamar tana cewa in faɗa mata da Hausa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina juya su a raina, ina neman wadda za ta iya rantsuwa. Da na fito na tarar ta sayar da daddawarta tas ga iyayen da ke jira, har tana faɗa da wata a kan wai ta cika wari.

Sakamako ya zo ta waya bayan sati uku, sunana na cikin waɗanda aka ɗauka. Inna ta yi guɗa. Gwaggo ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki ta ɗaga katifa, ta fito da littattafaina, gara ta ci gefen wasu. "Ungo, je ki ga ko sun yi auren." Sannan ta jawo kunnena kusa da bakinta. "Ki jingina da ɗorawa, ki ba gabas baya. Taku goma sha tara."

Karatun ya ci shekara takwas, da yajin aiki da komai. Duk farkon damina Gwaggo sai ta tasa Inna a gaba zuwa gidan dagaci, ta sake cewa ba ta yarda ba, a yi musu dariya su dawo. Sai a aji uku na gane dalili, da aka koya mana cewa wanda aka riƙe wa wuri shekara da shekaru yana gani bai yi magana ba, haƙƙinsa na iya raunana. Ban san inda ta koyi wannan ba.

Na shigar da ƙara da hannuna. Ba baƙar riga mai kaɗawa, ba saurayi a kujerar baya, sai ƙaramar kotu mai fanka ɗaya. Na roƙi alƙali ya je gonar da kansa, ban faɗi abin da za a nema ba sai da muka tsaya a gindin bishiyar, rabin gari na kallo. Masinjan kotu, wani dogo, ya jingina da ɗorawa ya auna taku goma sha tara. Aka haƙa kamu biyu, aka haƙa uku. Jar ƙasa kawai.

Baffa ya yi dariya irin ta wancan zauren. "Allah ya gafarta malam, tsufa ne. Yaya, koma gida ki huta."

Na matsa na leƙa. Shekara goma na rayuwata na gani a cikin ramin nan babu komai. Sai na ji Gwaggo ta ce, "Wannan dogon ne ya ƙirga ranar? Yarinya ce ta ƙirga. Ku matsa."

Ta jingina bayanta da bishiyar. Tsufa ya riga ya tanƙwara ta, ya mayar da takunta ƙanana kamar na 'yar shekara tara. Ta tafi a hankali tana dogara kara, tana ƙirgawa da ƙarfi, ta tsaya tun ba ta kai ramin farko ba, amma can cikin abin da Baffa ke kira gonarsa. Ta soka karan a ƙasa. A kamu na biyu fartanya ta yi ƙara. Aka share ƙasa da hannu, ga gindin tulu. Da aka ɗaga shi gawayi ya zubo, baƙi ƙirin, kamar jiya aka kashe wutarsa.

Gwaggo ta ɗauki guda ta miƙa wa Baffa. "Ka ce a kawo lauya. Ga ta, ga kuma saƙon iyayenmu."

Ba zan ɓoye ba, Inna ta yi wata guda ba ta yi wa Gwaggo magana, da ta gane an san da tulun tun farko. Ta ce shekarun da 'ya'yanta suka kwana da yunwa ba a binne suke ba balle a tono su. Gwaggo ba ta kare kanta ba. Ta ce Inna na da gaskiya, kuma da za a sake, haka za ta sake yi.

Bayan kotu ta mayar mana da gonarmu, shekara huɗu ta yi tana dafa kalwar bishiyar ubanta kafin Allah ya karɓi abinsa. Kowace shekara, daddawar farko da ta bushe, sai ta cika kwano ta aika gidan Baffa. Na tambaye ta ko yafiya ce. Ta ce, "Zumunci ne. Ya sha miya ya tuna." Ta kuma sa na yi mata alkawarin ba za a fasa ba ko bayan ranta. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata zafin zuciyarta, ya sa kabarinta ya fi inuwar ɗorawa sanyi.

Baffa yana nan da rai. Ba a ɗaure shi ba, ba a ƙwace masa ko kunya ɗaya daga halaliyarsa ba. Sai dai tun ranar tulu babu wanda ya sake kiransa shaidar ciniki ko ta ɗaurin aure a garin nan, abokan harkarsa na Dawanau ma suka janye jiki ɗaya bayan ɗaya. Yana wuni a ƙofar gidansa, mutane su yi masa sallama su wuce ba su zauna ba. Kwanon daddawa bai taɓa mayarwa ba, bai kuma taɓa aiko da godiya ba.

Da yamma, da mutane suka ragu, na fita zaure na durƙusa a gefen takalmansa.

"Baffa, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki, 'yata." Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Yanzu da ba ta, kwanon nan... a bar shi haka, ko?"

Na ɗago na dube shi daga sama har ƙasa.

"Za a kawo, Baffa. Bana da kaina zan kawo."